Hakima a Bakin Ƙofa

Abnub, ranar Talata

Zuwa ga Kawuna Mamduh,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin komai ina neman afuwarka, Kawu, a kan ƙarfin halin da na yi na ɗauki alƙalami na rubuto maka. Na san ba hurumina ba ne. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba sai irin wadda ake sa mu a aji, kuma ka san ko a gabanka ba na iya haɗa kalma biyu ba tare da na sunkuyar da kai ba. In ka ci karo da wata magana da ta yi kama da rashin kunya, ka ɗauke ta a kan ƙuruciya da rashin iya zance. Ni ce Tahani, 'yar ƙanwarka marigayiya Su'ad. Babu wanda ya sa ni, babu kuma wanda ya san na rubuta, sai Usta Hilmi kafinta da zai koma Kuwait gobe da safe, wanda ya yi mini alkawarin zai damƙa maka ita hannu da hannu.

Ina fata kana lafiya, kai da abokan zamanka. Yaya aiki, yaya zafin can da muke jin labarinsa? Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan dogayen gine-ginen nan da kuke hawa, ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan muna godiya ga Allah. Na shiga aji biyu na sakandare, kuma jakar da ka aiko mini bara har yanzu ita nake rataya. Bishiyar lemun tsamin da ke tsakar gida ta yi 'ya'ya sosai bana. Ammu Jirjis mai kanti yana fama da gwiwa, amma bakinsa yana nan da lafiyarsa.

Kawu, abin da ya sa na rubuto shi ne ɗanka Faraj ba shi da lafiya, kuma wadda ta san abin da za a yi masa tana zaune a bakin ƙofarka, ba ta iya shiga saboda rantsuwar da ka yi. An ba ka labari ta waya, ni kuwa a gabana aka yi komai. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci.

Kai ka fi ni sanin Inna Awatif, tunda yayarka ce, ita ta goya ka bayan rasuwar kaka, kamar yadda ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata. Amma ka daɗe ba ka zauna da ita ba, ni kuwa ni nake wanke farar rigarta ta aiki, ni na san irin abin da take dawowa da shi a jiki. Fiye da shekara talatin tana ɗakin haihuwa na asibitin gwamnati. Ba ta sa zobe, ba ta barin farce, kuma fatar hannunta ta tsage saboda sabulu. Ba mai kiran sunanta a garin nan, kowa Hakima yake cewa, kamar yadda ake kiran ungozomar asibiti a nan. In muka bi ta kasuwa sai mu daɗe ba mu kai gida ba, wannan ta tare ta da ciwon baya, waccan ta buɗe mata kan jariri. Mahauci in ya nemi ya ɗora mata ƙashi a ma'auni sai ta ce, "Kai Sabri, da baya ka zo duniya, ni na juya ka, kada ka sa in yi da-na-sani." Ko Ammu Jirjis yakan ce duk yaron da ya yi masa satar alewa laifin Hakima ne, tunda ita ta fito da shi. Ita kuma ta ce masa ita fitarwa kawai take yi, tarbiyya ba ta cikin albashinta. Ɗaliban jinya da ake turo mata suna tsoronta, don ba ta yafe hannu mara wanki. Ta sha gaya musu mai jego hanci ake fara duba ta da shi kafin ido, kuma jariri da kunne ake fara jin lafiyarsa.

In ta dawo daga aiki ba ta zama a ɗakinmu na ƙasa. Takan cire takalma, ta ɗauki kwanon dawa da ɗan rediyonta, ta hau saman bene wajen tantabarunta, ta wuce ta gaban ƙofarka kamar yadda ka sani. Kowace tantabara da sunanta. Akwai wani ƙaton namiji da ba ya komai sai kumbura wuya da zagaye, shi ta sa wa Darakta. Akwai wata fara mai tsiwa, ita ce Shugabar Ma'aikata. In ana wasan ƙwallo a rediyo, duk layinmu ana jin muryarta tana faɗa da mai tsaron gida, tana cewa ko mace mai cikin wata tara ta fi shi saurin faɗuwa. Ta taɓa gaya mini cewa a can sama ne kaɗai take ganin masu haihuwa ba tare da ihu ba, shi ya sa take son wurin.

Akwai abu biyu a halinta da nake so ka tuna, don su ne suka haɗu suka jawo wannan abu. Na farko, Inna ba ta faɗa da al'ada in ba ta ga cutarwa a ciki ba. Ranar bakwai ita take fara buga turmin tagulla, ita take jijjiga jariri a rariya, tana watsa gishiri tana ce masa ya ji maganar uwarsa kada ya ji ta ubansa, mata suna dariya. In tsohuwa ta sa wuƙa a ƙarƙashin matashin mai jego, ba ta cewa komai. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne toka ko kwalli a cibiya. Takan ce in ka ƙwace wa mutane komai, ranar da za ka hana su abin da zai kashe su ba za su saurare ka ba. Na biyu, duk matar da ta rasu a hannunta, sai ta bi ta har gidansu, ta taya wanka, ta zauna da mata. Ba aikinta ba ne, ba wanda ya ɗora mata. Cewa take yi wadda ta riƙe hannunta har numfashin ƙarshe ba za ta bar ta ta koma gida ita kaɗai ba.

Ranar da matarka Anti Sabrin ta haihu, Inna ce ta karɓi Faraj da hannunta. Ban taɓa ganin ta yi kuka a kan haihuwa ba sai ranar. Ta dawo gida tana cewa, "Hancin Mamduh ne, wallahi, har da ɗaure fuskar." Ta san shekarun da kuka yi kuna jira, ta san asibitoci da malaman da aka zaga. Amma a daren farko ma ta ce mini hankalinta bai kwanta ba, don faya ta fashe tun da wuri kafin naƙuda ta kankama, kuma Hajja Ni'imat, mahaifiyar Anti, ba ta faɗa ba sai da aka yi nisa. Ta ce irin wannan sai an sa ido kwana da kwanaki. Da aka sallamo Anti gida, safe da yamma Inna tana hawa ta duba ta, ta taɓa cikinta, ta duba jinin biƙi.

Sai ga wata yarinya mai naƙuda da aka kawo musu asibiti daga ƙetaren kogi a bayan motar ɗaukar kaya, jini ya riga ya ƙare mata a hanya. Sun yi iya yinsu, ta rasu. Inna ta bi ta gidansu kamar yadda ta saba. Da ta dawo da la'asar ta yi wanka, ta sake kaya, ta hau duba Anti. Labari ya riga ta isowa, Hajja Ni'imat tana tsaye ta tokare ƙofa da hannu biyu. Ka san abin da mata suke kira mushahara, ko da yake maza ba su cika sanin ƙa'idarsa ba: wai wanda ya fito daga wajen gawa, ko ya ɗauko ɗanyen nama, ko aka yi masa aski, in ya shiga kan mai jego kafin sabon wata ya tsaya, nononta zai ƙafe, mahaifarta ta rufe. Hajja ta ce, "Hakima, kin fi kowa sani. Shekara nawa 'yata tana neman wannan ɗa? Ki bar ta ta yi masa ƙane." Inna ta ce to a fito da Anti bakin ƙofa ta tarye ta, tunda an ce hakan yana karya abin. Hajja ta ce barci take yi, ba za a tashi mai ɗanyen jiki a fito da ita iska ba, wata kuma saura ƙiris. Inna ta tambaya ko jikinta da zafi, aka ce babu. Ta tambaya ko jinin ya canza wari, Hajja ta ce, "Haihuwa bakwai na yi, sai yau za a koya mini?" Inna ta ce to Allah ya kai mu tsayuwar watan, ta juya.

Kawu, wannan nake so ka sani, don na tabbata ba a gaya maka ba. Inna ba ta raina kowa ba. Ta bi al'adar, ta koma. Washegari ma ta je ta yi tambaya daga waje, aka ba ta amsa irin ta jiya, ta tafi aiki. Ni ce aka aika da miyar lalo da rana. Na tarar da ɗakin cike da hayaƙin turare, Anti tana ƙarƙashin bargo biyu a wannan zafi, haƙoranta suna haɗuwa, kuma a ƙarƙashin turaren akwai wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Ta kalle ni ta kira ni da sunan ƙanwarta. Hajja ta ce zazzaɓin zuwan nono ne, kowace mace tana yi. Da Inna ta dawo na same ta a saman bene na faɗa mata. Kwanon dawar ya suɓuce daga hannunta. Ta sauka ba takalmi, ta tarar da Hajja a ƙofa, ta ce mata, "Ni'imat, ko ki matsa ko in matsar da ke." Hajja ta ɗaga murya tana kiran maƙwabta su zo su shaida. Inna ta ture ta gefe, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba, har Hajja ta bugu da ƙyaure. Tana ɗaga bargon ta ce mini in ruga in ce wa Ammu Jirjis ya fito da motarsa.

Sauran ka sani. Mahaifar ta riga ta ruɓe, an kwana ana ƙarin jini da ruwa, a ƙarshe likitoci suka ce sai an cire ta in ana son rai. Tun a farfajiyar asibiti Hajja ta fara kuka tana cewa ga abin da ta guda, an shiga kan 'yarta da ƙafar gawa, an rufe ta har abada. Mata da yawa sun yarda, don abin ya zo daidai da yadda ake faɗa. Har wasu masu ciki a layinmu sun fara sauya hanya in sun hango Inna. Ita kuwa abin da yake cin ta daban ne. Ba ta taɓa kare kanta ba. Sau ɗaya kawai na ji ta yi magana, tana guga, kamar ba da ni take ba. Ta ce, "Suna zagina don na shiga. Da sun san abin da ya kamata, da don na koma za su zage ni. Shekara talatin ina koya wa yara su yarda da hancinsu, ni na tsaya ina tambayar ƙyaure."

Ranar Juma'ar da ka bugo waya kantin Ammu Jirjis ina tsaye kusa da ita. Hajja ce ta fara magana da kai, ta daɗe, sannan aka miƙa wa Inna. Wayar kantin tana da ƙara, duk wanda yake wurin ya ji ka. Ka ce in ta ƙara taka ɗakinka, ko ta taɓa ɗanka, to Sabrin ta saku. Na san zafin zuciya ne, Kawu. Kana nesa, an ce maka matarka ba za ta ƙara haihuwa ba, an nuna maka mai laifi. Ban ga wanda zai ji haka hankalinsa ya zauna daidai ba. Amma magana zarar bunu ce. Inna ta ce, "Na ji, Mamduh. Kana dai cin abinci ko?" Kai kuma ka ajiye. Ammu Jirjis, wanda ba ya rasa abin faɗa, ya juya yana gyara gwangwanayen da ba su karkace ba.

Yanzu Anti ta dawo gida. Nono bai zo ba, bayan irin wannan zazzaɓi da tiyata. Hajja tana ba Faraj ruwan yansun, wato 'ya'yan wani tsiro mai ƙamshi da ake dafawa, da sukari, da madarar bauna da ta sirka da ruwan tulu. An kawo madarar gwangwani daga asibiti ta ce ba za ta ƙara yarda da abin da ya fito daga gidan da aka yanke 'yarta ba. Tana jiƙa wata tsohuwar sarƙar duwatsu a ruwa tana yi wa Anti wanka da shi don nono ya dawo. Ba na so ka ɗauka ina ƙin Hajja. Ba ta barci, ta rame, ita take jijjiga shi tana yi masa waƙa, na sha ganin ta tana share hawaye da gefen mayafi. Son jikanta take yi da gaske, ta hanyar da ta sani. Amma Faraj ya fara gudawa tun makon jiya, kuma ta ce ba mai fita da shi daga ɗakin nan kafin arba'in, sai in ubansa ne ya faɗa da bakinsa.

Inna ta ɗauki hutu a wurin aiki, abin da ban taɓa ganin ta yi ba ko da ciwo. Rediyon yana kan taga, ƙura ta rufe shi. In ta tashi hawa sama ba ta kaiwa, sai ta zauna a kan matakalar da ke kusa da ƙofarka, ta jingina kai da bango tana saurare. Hajja in ta fito zubar da ruwa sai ta tsallake ta kamar buhu, wani lokaci ta ce matakala ma gidan mutane ce. Inna ta ce mata, "Matakalar nan ubana ne ya gina ta, rantsuwa ba ta kai nan ba." Daga kukan take gane komai. Da farko ta ce yunwa ce. Daga baya ta ce cikinsa ne. Shekaranjiya ta ce mini, "Tahani, kin ji? Ya daina fushi. Jaririn da ya daina fushi shi nake tsoro." Ni take aikawa in zama idonta. Ta koya mini in duba ko ƙyallensa yana jiƙewa, in ɗan ja fatar cikinsa in ga ko za ta koma da sauri, in shafa maɗigarsa in ji ko ta faɗa. Ina yi, amma hannuna ba nata ba ne. In ta tambaye ni ta faɗa sosai ko kaɗan, sai in kasa bambancewa, in fashe da kuka, ita kuma ta ce ba komai, na yi ƙoƙari. Ta dafa ruwa ta haɗa masa na gishiri da sukari, Hajja ta ji daga inda ya fito ta juye a kwata. Tantabarun ma Inna ta fara yanka su ɗaya bayan ɗaya tana yi wa Anti romo, ana kaiwa da sunan matar Ammu Jirjis. Da aka zo kan Darakta ta ce yau dai zai yi aiki sau ɗaya a rayuwarsa. Ta yi dariya, ni kuwa na kasa.

Jiya da hantsi Hajja ta tafi wajen wata mai magani a bayan tasha. Ban je makaranta ba. Anti ta lallaɓa tana dafa bango ta buɗe ƙofa, Faraj yana hannunta. Inna ta miƙe tsaye, yatsun ƙafarta a bakin dokin ƙofa, ta mayar da hannuwanta biyu baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Anti tana kuka, ta kira ta da sunan da ake kiran babbar yaya, ta ce, "Abla, don girman Allah kada ki shigo. Na san ke kika cece ni, wallahi na sani. Amma in aka sake ni yanzu, ba mahaifa, ina za ni? Wa zai kalle ni?" Inna ta ce ba za ta shigo ba, ta dai juya shi wajen haske. Ta sa aka buɗe bakinsa, aka ɗaga rigarsa, aka cire hular. Ta daɗe tana kallonsa, wuyanta a miƙe, jikinta a waje. Ya buɗe baki zai yi kuka, sautin bai fito sosai ba, hawaye ma babu. Na ga ta ƙara damƙe hannuwanta a baya. Ta ce wa Anti yaron nan ƙarin ruwa yake bukata, a asibiti, ba gobe ba. Anti ta ce ba ta iya sauka matakala, ɗinkin yana fitar da ruwa, kuma in uwarta ta dawo ta tarar an fita da shi ba da izininka ba, ba ta san abin da za a gaya maka ba. Sai Inna ta sa na kawo ruwan gishiri da sukarin, ta tsaya daga waje tana faɗa mini yadda zan riƙa ɗiga masa da ƙaramin cokali a gefen baki. Ya sha kaɗan. Muna cikin haka muka ji takun Hajja a ƙasa, Anti ta rufe ƙofa.

Na yi ƙarfin hali na tambayi malamarmu ta addini, ban ambaci suna ba. Ta ce irin wannan rantsuwa tana komawa ga niyyar wanda ya yi ta, ko saki ya nufa ko tsoratarwa, kuma shi ne zai je gaban malami ya faɗi abin da ke ransa a warware masa. Na kawo wa Inna wannan da murna. Ta ce malamar ta yi gaskiya, amma a gaban mutane ka faɗa, kuma in ta shiga yau, 'yan'uwan Hajja za su kwashe Anti kafin magariba, su ce aure ya mutu, ba mai jiran fatawa. Ta ce kai ka ɗaura, kai za ka kwance.

Da safen nan ta fito da jakarta ta aiki, ta tafasa abin da ke ciki, ta ajiye a kan matakalar kusa da ita. Ta ce mini ba wai ta haƙura ba ne, tana auna shi ne da kunne. Za ta jira muryarka muddin yana iya haɗiyar abin da muke ɗiga masa a ɓoye. Ranar da ya ƙi haɗiya, ko ya yi barcin da ba a iya tashinsa, za ta shiga ta ɗauke shi, kome zai faru ya faru. Ta ce, "Sau ɗaya na tsaya a ƙofar nan na koma, na ga abin da ya biyo baya. Gara Mamduh ya tsane ni da ɗa a hannu, da ya yafe mini a maƙabarta." Da na ce to Anti fa, sai ta rufe fuska da tafin hannu.

Don haka, Kawu, ga roƙona, ina durƙushe nake yin sa. Kada ka jira Juma'a. Da zarar Usta Hilmi ya ba ka wannan takarda, ka nemi waya ka bugo kantin Ammu Jirjis. Ya ce ko ya rufe zai buɗe, ko da gwiwar zai hau ya kira su. Ka ce a kai Faraj asibiti, ka kuma faɗa a gaban Hajja cewa ka janye maganarka. Ban ce ka nemi gafarar Inna ba, wannan tsakaninku ne, kuma na san ba ta jira. In ma har yanzu kana ganin laifinta, ka riƙe fushinka har ka dawo ku zauna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka dai buɗe mata ƙofar, don kada a wayi gari an ce ka zaɓi tsakanin matarka da ɗanka, alhali kana can ba ka ma san ana zaɓen ba.

Anti Sabrin ba ta san na rubuto ba, amma na san da ta sani da ta ce in gaishe ka, kullum sai ta tambaya ko ka bugo. Ammu Jirjis da matarsa Umm Mina suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Ammu Abdul'al da kuke ɗaki ɗaya, ka ce masa iyalinsa suna lafiya, na ga 'yarsa Hala a makaranta. Ka gaida Usta Hilmi da gajiyar hanya, ka yi masa godiya. Inna Awatif ba ta ba ni saƙo ba. Amma duk sallar da ta yi ina jin sunanka a addu'arta, kafin nawa.

A ƙarshe ina neman izininka in sake rubuto maka in an sami mai zuwa, don ka ji yadda aka ƙare daga bakin wadda ta gani. In ka ce a'a, ba zan ƙara ba, kuma ba zan ji haushi ba. In ka yarda, ban san wace irin wasiƙa za ta kasance ba, Kawu. Kai ne ka sani.

Wassalam.

'Yarka mai biyayya,
Tahani